Allura ko tiyata: abin da ya dace idan ƙwai ya tsaya a cikin ƙadangaruwa, macijiya ko macen kunkuru

Macen ƙadangare ba ta jiran namiji kafin ta ɗauki ƙwai. Iguwana, ƙadangare mai gemu, hawainiyar Yemen, tsaka mai zanen damisa da kunkuru iri-iri duk sukan yi ƙwai ko da su kaɗai aka raine su tun suna ƙanana, muddin sun balaga kuma abinci da ɗumi sun wadata. Ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, amma wahalar da yake ɗora wa jikin uwar ɗaya ce da ta ƙwai mai ɗa. Shi ya sa ciwon gidan ƙwai da maƙalewar ƙwai suke cikin manyan dalilan da ke kai matan dabbobi masu jan ciki wurin likitan dabbobi.

Idan ciki ya kumbura, cin abinci ya tsaya, lokacin zuba ƙwai ya zo ya wuce shiru, mai dabbar yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya gyara mata muhalli ya jira, a yi mata allurar naƙuda, a zuƙe ƙwan da ya tare hanya, ko a yi tiyata. Mutane sukan ɗauke su kamar matakala, a fara da mai sauƙi, in bai yi ba a hau na gaba. Wannan tunanin ya kashe dabbobi da yawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne inda abin ya tsaya a cikin jiki, da kuma irin dabbar da ake magana a kanta.

Wuri biyu ne, ciwo biyu ne

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kaza mai ƙwai ya ga gungun gwaiduwa manya da ƙanana waɗanda ba su yi ɓawo ba. Haka gidan ƙwan ƙadangaruwa yake idan ya cika, sai dai ita biyu gare ta, dama da hagu, kuma duka suna aiki. Sinadarin isturojin ne ke sa hanta ta haɗa kayan gwaiduwa, jini ya ɗauke su zuwa gidan ƙwai, kowace gwaiduwa ta yi ta girma a cikin jakarta. Daga nan ɗaya cikin abu biyu ya kamata ya faru. Ko dai gwaiduwar ta saku ta faɗa bututun ƙwai, a lulluɓe ta da ɓawo a zuba ta waje, ko kuma jiki ya fasa tafiyar ya tsotse ta sannu a hankali.

Ciwo na farko shi ne tsayawar gwaiduwa a gidan ƙwai. Gwaiduwar ta girma, ba ta saku ba, jiki kuma bai tsotse ta ba. Tana nan makonni, wani lokaci watanni, tana daskarewa, launinta yana sauyawa, tantaninta yana yin rauni. An fi ganin wannan a iguwana da ƙadangare mai gemu da hawainiya, da kuma macen kunkurun da aka daɗe da raba ta da namiji, ko dabbar da ake ba abinci fiye da kima a muhallin da zafinsa da haskensa ba sa sauyawa duk shekara. Ƙadangaru da macizai ba su da murfin tsokar nan da ya raba ƙirji da ciki kamar na dabbobi masu shayarwa, don haka gungun gwaiduwa yakan danne huhu da hanji kai tsaye. In kuwa ɗaya ta fashe, gwaiduwar takan malale ko'ina a cikin kogon jiki ta ta da mummunan kumburi, kuma dabbar da ta kai wannan matakin ba kasafai take tashi ba ko da an yi mata tiyata.

Ciwo na biyu shi ne maƙalewar ƙwai a bututu. A nan gwaiduwar ta riga ta sauko, ta yi ɓawo, fitowa ce ta gagara. Shi ma kashi biyu ne, kuma bambancinsu ne ke nuna ko allura za ta taimaka ko za ta yi ɓarna. Akwai wanda hanya ce ta toshe: ƙwai ya yi girma fiye da mafita, ko biyu sun manne da juna, ko ƙugu ya tsuke saboda tsohon taushin ƙashi ko karaya, ko tsakuwar mafitsara ta tsaya a hanya, ko ƙoda ta kumbura, ko bututun ya murɗe. Akwai kuma wanda hanya a buɗe take, ƙarfin turawa ne babu, ko dabbar ce ta ƙi sakin ƙwan: ba ta sami wurin haƙa ba, sanyi ya kama ta, jikinta ya bushe, kalsiyam ya yi ƙasa har tsokar bututu ta kasa matsawa, ko ƙiba da rashin motsi sun kashe mata ƙarfi.

A waje duka biyun kama ɗaya suke yi. Ciki ya cika, abinci ya tsaya, wani lokaci har da haƙe-haƙe. Ba wanda zai iya raba su da ido ko da taɓawa kawai, kuma matsa cikin da yatsa da ƙarfi don a ji ko ƙwai ne yana iya fasa gwaiduwa.

Kafin a zaɓi komai

Tambaya ta farko ma ita ce ko dabbar ba ta da lafiya ne ko kuwa cikin ƙwai ne na al'ada. Iguwana mai ɗauke da ƙwai 20 zuwa 70 takan rage ci ko ta daina gaba ɗaya a makonnin ƙarshe, cinyoyinta da gindin wutsiyarta su rame, amma idonta a buɗe yake tar, tana hawa, tana shan ɗumi, tana neman wurin haƙa. Wannan ba ciwo ba ne. Mesa mai dunƙulewa takan zuba ƙwanta kusan kwana 30 bayan saɓar da take yi kafin zubawa, macijin masara kuwa kwana 10 zuwa 14 bayan saɓar. Wanda ya rubuta ranar saɓa ya san lokacin da ya kamata hankalinsa ya tashi. Alamun da ke nuna abu ya ɓaci su ne kwanciya a ƙasa ido a rufe, kasa ɗaga jiki, karkarwar yatsu ko tsoka, yunƙuri da nishi ba abin da ke fitowa, ruwa mai wari ko jini daga dubura, numfashi baki buɗe, ko a zuba wasu ƙwai a tsaya alhali ana ganin saura.

Hoton ƙashi ne gwajin farko. A kunkuru yana nuna komai ƙarara saboda ɓawon ƙwansa mai tauri ne: za a ƙirga ƙwan, a auna faɗin kowanne da faɗin ƙugu da ratar da ke tsakanin ƙoƙon sama da na ƙasa, a ga wanda ya fashe. Ɓawon da ya yi kauri fiye da kima ya yi kaushi alama ce ta ƙwan da ya daɗe a ciki. A ƙadangare ɓawon laushi ne da shi, don haka sai an duba siffa: gwaiduwar da ke gidan ƙwai kewayayyiya ce, a cure wuri ɗaya a tsakiyar jiki, ƙwan da ke bututu kuwa mai ɗan tsawo ne, a jere, ya kai har kusa da ƙugu, wani lokaci da siririn layin ɓawo. Inda hoton ƙashi ya bar shakka, sikanin ne ke warwarewa, kuma shi ne ke nuna ruwan da ya taru a ciki, alamar fashewa. Idan an ga gwaiduwa ce kuma dabbar tana cikin hayyacinta, sai a sake sikanin bayan mako biyu ko uku. Wadda ke kan hanyar lafiya za a ga ta sauko bututu ko ta fara raguwa. Wadda ta tsaya cak yadda take, dabbar kuma tana ƙara ramewa, ta amsa tambayar.

Gwajin jini yana da tarko guda da ya kamata mai dabba ya sani. Macen da ke haɗa gwaiduwa kalsiyam ɗin jininta yakan ninka biyu ko fiye, tare da furotin da kitse, domin hanta na tura kayan gwaiduwa. Ganin adadi mai yawa a takarda bai nuna tsoka na samun abin da take buƙata ba, saboda mafi yawansa a ɗaure yake da furotin. Sakakken kalsiyam ne ke sa tsoka ta matsa, shi ya kamata a auna in akwai na'urar. A kunkurun da gwaiduwa ta daɗe da tsayawa akan ga ƙarancin jini da raguwar fararen ƙwayoyin jini, sau da yawa hanta ma ta yi kitse.

Gyara muhalli a jira

Wannan hanyar ta dace da dabba mai kuzari, wadda hoto ya nuna ƙwai masu ɓawo, siffarsu daidai, hanya a buɗe. Sau da yawa abin da ya rage mata kawai wurin zubawa ne. A haɗa ƙasa da yashi, a jiƙa su daidai yadda in an haƙa rami da hannu ba zai rufta ba, ruwa kuma ba zai ɗiga ba in an matse. Ƙadangare mai gemu da hawainiya suna buƙatar zurfin santimita 20 zuwa 30. Iguwana tana son babban akwati mai rufi wanda za ta shige gaba ɗaya ta juya, zurfin ƙasar ya kai kusan rabin mita. Kunkuru da ƙafafun baya take haƙawa, kuma in ta taɓa tauri kafin ƙafar ta miƙe sai ta bar ramin ta nemi wani, don haka zurfin ya wuce tsawon ƙafarta a miƙe. Macijiya akwati mai duhu take so, da gansakuka mai danshi a ciki.

Sai a bar ta ita kaɗai. Hawainiya musamman, in ta ga ido a kanta tana cikin haƙa, takan bar ramin, kuma in aka yi haka sau biyu ko uku tana iya daina gwadawa. A rufe gefen kejin da ƙyalle, a fitar da namiji da sauran mata. A tabbatar wurin shan ɗumi ya kai yadda jinsin ke buƙata, misali digiri 38 zuwa 42 na Selsiyas ga ƙadangare mai gemu, a ba ta ruwa da kalsiyam ta baki in tana karɓa, a duba fitilar UVB, wato fitilar da ke maye gurbin hasken rana don jiki ya iya amfani da kalsiyam, domin irin wannan fitilar takan daina ba da hasken da ake buƙata cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci gaba da haskawa, gilashi kuma yana tare shi.

Tsawon jiran ya danganta da jinsi, kuma bambancin babba ne. Macen kunkuru tana iya riƙe ƙwai watanni tana ci tana yawo, don haka ba a gaggawa da ita muddin tana cikin ƙoshin lafiya. Ƙadangaruwa ba ta da wannan sararin. Da zarar ta fara kasala, kwana biyu ko uku sun isa ta faɗi warwas. Macijiyar da ta zuba rabi ta tsaya, a ba ta kwana ɗaya zuwa biyu, kada a wuce haka, domin ƙwan da ya zauna yakan manne da bangon bututu.

Ga tsayawar gwaiduwa da aka tabbatar, jira ba ya warkarwa. Yana cinye ƙarfin da dabbar za ta shiga tiyata da shi ne kawai.

Allurar naƙuda

Oksitosin, wato maganin da ke cikin allurar naƙuda, yana sa tsokar bututun ƙwai ta matsa. Iyakar aikinsa ke nan, kuma daga nan ake gane inda zai yi amfani. Idan gwaiduwa ce a gidan ƙwai, bututun wayam yake, ba abin da za a turo. Idan hanya ce ta toshe, matsawar za ta tura ƙwai a kan bangon da ba ya buɗuwa, sakamakon kuwa shi ne fashewar ƙwai, yagewar bututu, ko fitowar bututun ta dubura. Don haka allurar naƙuda ba tare da hoto ba caca ce da ran dabba, ko da wanda ya ba da shawarar ya sha yin ta ya dace.

Inda ta dace, ga yadda likitoci kan tsara ta. A ɗumama dabbar zuwa zafin da jinsinta ke so, domin jiki mai sanyi ba ya amsa magani. A mayar mata da ruwan jiki in ta bushe. A yi mata allurar kalsiyam gulukonet, miligiram 50 zuwa 100 a kowane kilo, kusan awa ɗaya kafin oksitosin. Sannan a yi oksitosin a tsoka: yunit 1 zuwa 10 a kowane kilo ga kunkuru, ƙadangaru da macizai kuwa akan ba su fiye da haka, kamar yunit 5 zuwa 20. A ajiye ta a wuri mai ɗumi, shiru, da abin da ƙwai zai faɗa a kai bai fashe ba. Kififiya akan sa ta a ruwa mai ɗumi marar zurfi.

A kunkuru ne wannan hanyar ta fi cin nasara, nesa ba kusa ba. Galibi ƙwai kan fara fitowa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, wani lokaci 'yan awanni. A ƙirga abin da ya fito a gwada da abin da hoto ya nuna. Idan bakwai aka gani shida suka fito, aikin bai ƙare ba. Akwai wata matsala ta musamman ga kunkuru da ta sa ba a son yawan maimaita allurar: bakin mafitsara yana buɗewa ne a zauren da ƙwai ke ratsawa kafin ya fita, kuma ƙwan da aka turo da ƙarfi yana iya kaucewa ya faɗa mafitsara. Daga nan ba ya fita da kansa, sai an shiga an ciro shi. In an yi sau biyu, ko uku a ƙurewa, ba sakamako, a tsaya a sake ɗaukar hoto.

A ƙadangaru da macizai amsar ba ta da tabbas. Sinadarin da jikin dabbobi masu jan ciki ke amfani da shi wajen naƙuda shi ne basotosin, ɗan'uwan oksitosin, kuma ya fi shi aiki a jikinsu, sai dai ba a sayar da shi a matsayin maganin asibiti na yau da kullum. Oksitosin a macijiya yakan yi tasiri ne a kwana biyu zuwa uku na farko, bayan nan da wuya. A iguwana ko hawainiya mai ƙwai 40 ko 50, abin da aka fi gani shi ne a samu wasu su fito wasu su rage, dabbar ta ƙara galabaita, a ƙarshe dai a koma tiyatar da aka guje wa, da majinyaciyar da ta fi ta jiya rauni. Gwaji ɗaya a ƙadangaruwa mai ƙarfi abu ne mai ma'ana, amma a sa ranar tiyata tun kafin a yi allurar.

Matsawa da hannu, da zuƙe ƙwai

Waɗannan biyun galibi na macizai ne, inda ake ganin ƙwan a matsayin kumburi kusa da dubura. Tura shi da yatsu a hankali yana yiwuwa, amma a hannun likita, bayan an sa macijiyar barci tsokarta ta saki, an kuma sa man santsi. Bututun ƙwan maciji siriri ne har ana hango abin da ke cikinsa. Wanda ya matsa shi a gida dabbar tana farke tana turjewa yakan yaga shi, ko ya turo ƙwan tare da bututun a waje.

Zuƙewa kuwa ita ce a soka allura mai kauri, lamba 18 ko 20, ta tsakanin ɓawon fata a gefen ciki, a shiga ƙwan a janye abin da ke ciki da sirinji, ƙwan ya motse, macijiyar ta fitar da ɓawon da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Tana aiki ne idan ƙwai ɗaya ne babba ya tare sauran, kuma a cikin kusan awa 48 na farko, domin bayan haka abin cikin yakan daskare ya ƙi bin allura. Haɗarinta shi ne ɗigar gwaiduwa cikin kogon jiki. A kunkuru, ƙwan da ake hangowa ta dubura akan huda shi ta nan, a zuƙe, a fitar da ɓawon gutsure-gutsure da kulawa kada ya yanki nama. In ɓawon bai fito ba, ko ƙwai da yawa ne a baya, tiyata ce ta rage.

Duk naman da ya leƙo ta dubura, a lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta da danshi a kai dabbar asibiti a ranar. Bututun ƙwai ne ko hanji ko mafitsara, likita ne zai bambance, kuma bushewa ce ke kashe naman.

Tiyata

Ita ce kaɗai maganin tsayawar gwaiduwa, da toshewar hanya, da fashewar ƙwai ko bututu, da ƙari ko ruɓa a gidan ƙwai, da duk maƙalewar da allura ta kasa. Ta fi sauran tsada a tashi ɗaya, tana kuma buƙatar likitan da ya saba da waɗannan dabbobi, amma a ƙadangaruwar da ba a ajiye ta don ta hayayyafa ba ita ce hanyar da ke rufe maganar gaba ɗaya. Dabbar da aka sa ta zuba ƙwai da allura bana, baɗi ma za ta ɗauka.

Sakamakonta ya rataya ne a kan halin da dabbar ta shiga da shi. Wadda ta bushe ko kalsiyam ɗinta ya faɗi akan ɗauki kwana ɗaya ko biyu ana ɗumama ta, ana ba ta ruwa mililita 10 zuwa 30 a kowane kilo a rana, ana gyara kalsiyam. In an ga alamar fashewa ba a jan wannan lokaci. Waɗannan dabbobin suna iya riƙe numfashi na dogon lokaci, shi ya sa ake fara sa su barci da allura irin furofofol ko alfaksalon, a sa musu bututun iska, a riƙa hura musu numfashi har a gama.

A ƙadangare ana yanka ne ɗan gefe da tsakiyar ciki, saboda wata babbar jijiyar jini da ke bin tsakiyar daga ciki. Hawainiya, da yake jikinta a matse yake ta gefe, sau da yawa ta haƙarƙari ake shigar ta. Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne gindin gidan ƙwai. Na dama yana manne kusa da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, ɗan kuskure kaɗan jini ya ɓalle. Na hagu kuwa ƙullin adirinal, wata 'yar gaɓa mai samar wa jiki muhimman sinadarai, shi ne ke kwance tsakaninsa da jijiyar ƙoda, kuma dole a bar ƙullin lafiya. Ana ɗaure ƙananan jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya da zare ko maƙalan ƙarfe, a ɗaga gungun a hankali kada gwaiduwa ta fashe. In ta fashe, a wanke cikin sosai da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi.

Abin da za a cire shi ne shawarar da ya kamata mai dabba ya tattauna da likita tun kafin a fara. A tsayawar gwaiduwa, cire gidajen ƙwai biyu ya wadatar idan bututun lafiya lau yake. A maƙalewar ƙwai, ana cire bututu da gidan ƙwai tare. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a cire bututu a bar gidan ƙwai, domin zai ci gaba da sakin gwaiduwa, ita kuma ba ta da inda za ta faɗa sai cikin kogon jiki. Ga dabbar da ake son ta ci gaba da haihuwa, akan tsaga bututun a fitar da ƙwan a ɗinke, ko a cire ɓangare ɗaya, gidan ƙwai da bututunsa, a bar ɗayan. Mai wannan zaɓin ya sani cewa matsalar na iya dawowa, kuma tabon ɗinki a bututu wuri ne da ƙwai zai iya sake tsayawa.

A maciji ana yanka a gefe, tsakanin layukan ɓawon fata na farko da na biyu, don ɗinkin kada ya riƙa gogar ƙasa. Da yake gaɓoɓinsa a jere suke, gidan ƙwan dama yana gaba da na hagu, ƙwai kuma na iya warwatsuwa a tsawon jiki, wani lokaci sai an yi yanka biyu ko uku. Macizan da ke haihuwar 'ya'ya kai tsaye, irin su bowa, su ma sukan riƙe mataccen ɗa ko ƙwan da bai ɗauku ba, kuma hukuncin ɗaya ne.

Kunkuru ce ke da zaɓi na biyu a cikin tiyatar kanta. Tsohuwar hanya ita ce a yanke taga a ƙoƙon ƙasa da zarto, a karkata bakin zarton don murfin ya zauna daram in an mayar, a yi aikin, a rufe da gam mai ƙarfi irin ifoksi. Tana ba likita fili ya ga komai, kuma ita ce mafita idan ƙwai manya ne masu tauri, ko gwaiduwa ta malale ana buƙatar wanki sosai. Amma ƙashi aka yanka, yana da zafi, warkewarsa watanni ce, wani lokaci ta haura shekara, murfin kuma yana iya mutuwa ko ya ruɓe. Hanya ta biyu ita ce ta lallausar fatar da ke gaban cinyar baya, sau da yawa da taimakon siririyar kyamara, a jawo gidan ƙwai waje a ɗaure a yanke. Fata da nama ne kawai za su warke, cikin makonni. Ta fi sauƙi a jinsin da wannan ramin nasu ke da faɗi, kamar kififiya mai jan kunne. Inda duka biyun za su yiwu, ta gaban cinya ta fi, kuma ya dace mai dabba ya tambaya ko akwai mai yin ta kafin ya amince a sa zarto.

Fatar waɗannan dabbobi takan naɗe ciki in an yanka, don haka ana ɗinke ta ne bakin yana kallon waje, zaren kuma yakan zauna aƙalla mako shida. A shimfiɗa takarda a keji maimakon ƙasa, kada a jiƙa dabbar a ruwa na kwana 10 zuwa 14, a riƙe zafin muhalli a saman abin da jinsin ke so, a ba da maganin zafi irin meloksikam bayan an tabbatar ƙoda lafiya take. Jinsin da ke barcin hunturu kada a bar su su yi shi a wannan shekarar.

Maganin hana ɗaukar ƙwai, da tiyatar riga-kafi

Ɗan dashen deslorelin da ake sa wa a ƙarƙashin fata yana rage yin ƙwai a wasu tsuntsaye, shi ya sa masu ƙadangaru ke tambayarsa. Gwajin da aka yi a matan tsaka mai zanen damisa bai hana gidan ƙwai aiki ba. Ba abin dogaro ba ne a matsayin riga-kafi, balle a ce zai narkar da gwaiduwar da ta riga ta daskare. Abin da ya fi shi tasiri a hawainiyar Yemen shi ne rage abinci da ɗan sassauta zafin wurin shan ɗumi bayan ta balaga, domin yawan ci ne ke sa ta ɗauki ƙwai 60 ko 70 a tashi ɗaya, tana zuƙe kalsiyam daga ƙashinta.

Cire gidan ƙwai tun dabba tana lafiya shawara ce mai kyau ga iguwana ko ƙadangare mai gemu da ta taɓa samun matsala, ko take zuba ƙwai sau da yawa a shekara tana ramewa. Sai dai lokacin yin sa yana da muhimmanci. Gidan ƙwan da ba ya aiki ƙarami ne, a lafe yake jikin manyan jijiyoyi, cire shi duka yana da wuya. Wanda ya fara cika da gwaiduwa tantanin da ke riƙe da shi ya miƙe, akwai wurin ɗauri. Don haka likitoci da yawa sun fi son yin aikin a farkon lokacin ƙwai, dabbar tana ci, jikinta da nama. Ɗan guntun da aka bari, komai ƙanƙantarsa, yana iya sake tsirowa ya yi gwaiduwa, kuma in an riga an cire bututu babu mafita gare ta. Duk dabbar da aka yi wa wannan aikin, idan bayan shekara ɗaya ko biyu cikinta ya sake cika ko ta fara haƙa, a kai ta sikanin a makon, kada a ce ai an riga an cire.